Albarka, Ba Ta Sayarwa Ba Ce

Wanda ya fita daga birnin Kano ta Ƙofar Nassarawa, ya miƙe hanyar Zariya, ba zai yi nisa ba sai ya iske kansa a Gyaɗi-Gyaɗi. Nan zai ga benaye da kantuna da motoci ba iyaka, ga kuma babban asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa cikin 1988. In ya karkata gabas sai ya faɗa Tarauni, inda ke da kasuwar wayar hannu wadda ake kira Fam Santa. Sunan nan na Turanci ne, ma'anarsa kuwa cibiyar noma, amma yau mai neman zangarniyar dawa guda a wurin sai ya sha yawo.

Ba haka wuraren nan suke ba a zamanin kakanni. Ƙauyuka ne na bayan ganuwa, kewaye da gonakin dawa da gero da gyaɗa, da itatuwan ɗorawa da kuka da tsamiya. Da rani jakuna kan kai itace birni, su komo da mangaloli cike da taki a zuba a gona. Saboda takin nan ne gonakin kewayen Kano ba su san hutu ba, kowace damina sai an nome su. Cikin ƙidayar 1952 mutanen Kano duka, birni da waje, wajen 130,000 ne. Cikin ƙidayar 2006 kuwa, ƙaramar hukumar Tarauni ita kaɗai ta ɗara mutum 220,000. Galibin gidajen da jama'ar nan ke kwana ciki, a kan gonar wani aka gina su.

Da yawa daga gonakin nan masu su ba su kai su kasuwa ba. Mai saye ne ya tako har ƙofar gida, ya yi sallama, ya taya abin da ba a ce masa na sayarwa ba ne. Irin wannan tayi tsohon abu ne a ƙasar Hausa. An yi wa sarakuna, an yi wa gwamnoni, kana aka gangaro kan talaka. Bahaushe kuwa yana da kalma guda ta mayar da tayi ba tare da ɓacin rai ba, watau "albarka". Tarihi ya nuna abin da ya sami waɗanda suka faɗe ta a fili, da abin da ya sami waɗanda suka karɓi kyauta suka yi shiru.

Yadda Ake Riƙon Ƙasa A Da

Kafin zuwan Turawa, ƙasa a hannun sarki take bisa amana. Baƙo in ya zo neman wurin noma sai ya je wa dagaci, a nuna masa daji ko saura, ya sassabe, ya noma, ya biya kuɗin ƙasa. Muddin yana nomawa yana biya, ba mai tashinsa, in ya mutu kuma 'ya'yansa su gada. Malaman jihadi sun yi rubutu a kan wannan. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo na Gwandu yana da littafi mai suna Ta'alimur Radi, wanda ya yi bayanin hanyoyin da mutum ke samun haƙƙi a kan ƙasar da ba ta da mai ita. Sarki shi ma yana da nasa gandaye, waɗanda bayi ke nomawa. Sunayen wasunsu na nan har yanzu kusa da hanyar Zariya, kamar Gandun Albasa da Nassarawa.

Mai gona in ya shiga matsi yana da hanyoyi da dama kafin ya kai ga rabuwa da ita. Akwai aro, akwai haya, akwai jingina, inda mutum zai karɓi kuɗi ya ba da gonar a riƙa nomawa, ran da ya mayar da kuɗin gonarsa ta komo hannunsa. Sayarwa ma akan yi, tun ba ma a kewayen Kano ba, inda jama'a suka yi yawa daji ya ƙare. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, wadda ta zauna a Ɗorayi cikin 1971 da 1972, ta nuna cewa cinikin gona a bayan ganuwar Kano daɗaɗɗen abu ne. Amma ciniki ne tsakanin mutanen da suka san juna, a gaban mai unguwa da shaidu. Shari'a ta ce ciniki ba ya ƙulluwa sai da yardar mai abu. Ta kuma ba abokin tarayya haƙƙin shuf'a, watau in ɗaya daga magada ya sayar da rabonsa na gonar da ba a raba ba, ɗan'uwansa yana da ikon biyan kuɗin ya karɓe rabon daga hannun bare.

Tayin Kamfani

Cikin 1885 wani Bature mai suna Joseph Thomson ya iso ƙasar Sakkwato. Kamfanin Sir George Goldie ne ya aiko shi, kamfanin da aka sani daga baya da sunan Royal Niger. Ya zo da kaya niƙi-niƙi na gaisuwa, da takarda. Ya sadu da Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu Babba, ya yi alkawarin kamfani zai riƙa ba da buhu 3,000 na wuri kowace shekara. Daga nan ya wuce Gwandu, ya yi wa Sarki Maliki alkawarin buhu 2,000.

To, ga inda gizo ya yi saƙa. A ganin fada, fatake ne suka zo neman iznin ciniki a bakin kogi, suka kawo gaisuwa kamar yadda kowane baƙo ke yi. A takardar Turanci kuwa an rubuta cewa an bar wa kamfani iko a kan ƙasar da ke gaɓar Binuwai da sauran koguna. Bayan 'yan watanni wani Bajamushe, Paul Staudinger, ya zo Sakkwato, ya kuma rubuta cewa an shaida masa ba a sayar wa Ingilishi ƙasa ba ko taki ɗaya. Amma musun baki a Sakkwato bai kai ƙasar Turai ba, takarda ce ta kai. Ita Ingila ta nuna wa Faransa, har cikin 1890 suka shata iyaka tsakaninsu daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Cadi, aka bar daular Sakkwato a rabon Ingila. Ba a shawarci kowa a Sakkwato ba.

Irin wannan ta faru a kudancin Afirka cikin 1888. Sarkin Ndebele, Lobengula, ya sa hannu a takardar mutanen Cecil Rhodes bisa alkawarin bindiga 1,000 da fam 100 kowane wata. Da aka fassara masa abin da ke ciki sosai sai ya ce bai yarda ba, ya aika har Ingila, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Cikin 1893 aka ci ƙasarsa da yaƙi.

Ran 1 ga Janairu 1900 gwamnatin Ingila ta karɓi mulki daga hannun kamfani, ta biya shi fam 865,000. Ran 3 ga Fabrairu 1903 sojan Kanar Morland suka shiga Kano, Sarki Alu kuwa ya tafi Sakkwato. Cikin watan Maris na shekarar nan Gwamna Lugga ya tara manyan Sakkwato, ya gaya musu ikon da sarakuna ke da shi a kan ƙasa ya koma hannun gwamnati, tun da an ci su da yaƙi.

Dokar 1910

Da Turawa suka zauna sai tambaya ta taso, shin za a bar attajiran Turai su sayi ƙasa su kafa manyan gonaki, kamar yadda aka yi a Kenya da Afirka ta Kudu? Gwamnan da ya gaji Lugga cikin 1907, Sir Percy Girouard, ya ce a'a. Aka kafa kwamiti a London cikin 1908, aka saurari Turawan mulki irin su Temple da Palmer. Babu sarki ko manomi na ƙasar nan a cikin 'yan kwamitin. Daga shawararsu aka yi dokar ƙasa ta 1910, wadda aka sake gyarawa cikin 1916.

Dokar ta ce ƙasar Arewa duka ta 'yan ƙasa ce, Gwamna ne ke riƙe da ita domin amfaninsu. Baƙo ba shi da hanyar mallaka ta har abada. Iyakarsa a ba shi takardar iznin zama na wasu shekaru, yana biyan kuɗin haya, kuma in don noma ne ba a ba shi fiye da eka 1,200. Kada mai karatu ya ɗauka tausayi ne zalla. Gwamnati tana bukatar haraji, manomin da ke zaune a gonarsa kuwa shi ne mai biya. Girouard ɗin nan ma, da aka mayar da shi Kenya cikin 1909, a zamaninsa aka tashi Masai daga makiyayarsu ta Laikipiya aka ba Turawa.

Duk da haka dokar ta yi wa manomin Kano rana. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano cikin 1911, aka buɗe ta ga 'yan kasuwa cikin 1912. Turawa sun sa rai auduga za a noma musu domin masaƙun Ingila. Manoma suka auna, suka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi ana cinta in shekara ta yi tsanani, ga harawa don dabbobi. Sai suka noma gyaɗa, har aka wayi gari ana tara ta dala-dala a Kano. Da gonakin na kamfani ne, da abin da kamfani ya ce shi za a shuka. Mai gona shi ke zaɓen iri.

Amma dokar tana da kaifi biyu. Gwamnan da ya hana baƙo saye, shi yana da ikon karɓar ƙasa don aikin gwamnati. Ta haka filayen bayan ganuwa suka zama tashar jirgi, da unguwar Turawa a Nassarawa da Bompai, da Sabon Gari wanda aka kafa cikin 1913.

Attajirin Sabulu

Mafi girman mai tayi a zamanin Turawa shi ne William Lever, mai kamfanin sabulun Sunlight a Ingila. Manja yake bukata don sabulu, saboda haka ya nemi a ba shi ƙasa mai faɗi a kudancin Nijeriya ya dasa kwakwar manja. Aka hana shi. Sai ya juya Kwango, inda gwamnatin Beljiyam ta ba shi izni cikin 1911 a kan ƙasar da ta kai hekta 750,000. Mutanen wurin suka koma masu yi wa kamfani saran kwakwa ala tilas, wahala ta yi yawa har ƙabilar Pende ta yi bore cikin 1931, aka kashe ɗaruruwa.

Lever bai haƙura da Nijeriya ba. Cikin 1920 ya sayi Kamfanin Neja ɗungurungum, ya zama shi ne babban mai sayen amfanin gonar ƙasar nan, har da gyaɗar Kano. Farkon 1925 ya zo Ikko, watau Legas, da kansa, yana ta yaɗa cewa ƙasa a hannun talaka asara ce. Gwamna Sir Hugh Clifford bai yi masa hanya-hanya ba. Ya tsaya a kan cewa ƙasar ta mutanenta ce, su za su noma su sayar da amfanin ga wanda suka so. Lever ya koma gida, ya mutu cikin watan Mayu na shekarar. Kamfaninsa ya ci gaba da sayen gyaɗa da manja, gonaki kuma suka tsaya a hannun masu su. Bambancin 1885 da 1925 a fili yake. A na farko an karɓi kaya, an bar mai tayi ya rubuta abin da ya ga dama. A na biyu an ba da amsa guda, a rubuce, a gaban jama'a.

Gari Ya Cim Ma Gona

Bayan samun mulkin kai, gwamnatin Sardauna ta yi dokar ƙasa ta 1962, ta ɗora iko a hannun Minista, ta kuma riƙe sharaɗin cewa wanda ba ɗan Arewa ba ba ya samun ƙasa sai da izni. Amma sabon mai tayin da ya tunkaro Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni ɗan gida ne. Wani masanin tsara birane, Trevallion, ya zana taswirar faɗaɗa Kano ta shekara 20, daga 1963 zuwa 1983. Cikin 1967 Kano ta zama hedkwatar jiha, Audu Baƙo yana gwamna. Ma'aikata suka yawaita, kuɗin man fetur ya shigo, kowa yana neman fuloti. Gwamnati ta yanka filaye, ta gina rukunin gidaje irin na Kundila. Gari ya haɗiye Hausawa da Unguwa Uku da Darmanawa da Hotoro, har cikin 1996 aka yi ƙaramar hukumar Tarauni.

Ran 29 ga Maris 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta yi dokar amfani da ƙasa, wadda ke aiki har yau, an ma sa ta cikin tsarin mulki. Ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna bisa amana. Wanda ya riga ya yi gini a cikin gari, gininsa na nan a hannunsa. Amma filin da ba a gina ba a cikin gari, rabin hekta kaɗai doka ta bar wa mai shi. In kuma gwamnati ta karɓi wuri don amfanin jama'a, diyyar da take biya ta gini ce da shuka da itatuwa, ƙasar kanta ba a yi mata kuɗi.

Nan tsoro ya shiga zukatan manoman bakin gari. Dillali kan zo ya ce wa tsoho, "Baba, awo na tafe. Gara ka karɓi kuɗi yau, da gobe a ba ka kuɗin ɗorawa biyu." Mutane da yawa suka sallama. Aka riƙa yanka gonaki da igiya, ba a bar hanyar mota ba balle ta ruwa, shi ya sa ake kiran irin unguwannin nan awon igiya. Wani ya sami kuɗin ya je Makka, ya sayi wata gonar a can nesa, ya ci riba. Wani kuwa kuɗin ya bi iska cikin shekara biyu, 'ya'yansa suka koma haya a kan gonar kakansu. Filin da aka sayar da kuɗin keke ya zo ya fi kuɗin mota, domin naira tana raguwa, ƙasa kuwa ba a ƙara ta.

Amsar Mai Gona

Waɗanda suka tsira da gonakinsu da kangayensu, ko suka sayar a kan kari cikin natsuwa, hanyarsu kusan ɗaya ce. Mai tayi baƙo ne, ana shimfiɗa masa tabarma a zaure, a kawo masa ruwa. In ya faɗi abin da ke tafe da shi sai mai gida ya ce, "Albarka, Alhaji. Ba ta sayarwa ba ce." Ba ya ƙara kome. Ba ya cewa sai ya yi tunani alhali ya riga ya yanke, domin wannan kiran mutum ne ya dawo gobe. Ba ya yanka kuɗi ko da wasa, don wai ya kore shi da tsada. Wanda ya ce "ko miliyan kaza ka kawo" ya riga ya buɗe ciniki, saura ragi, magana kuwa zarar bunu ce.

Ba ya karɓar kuɗin goro, balle kafin alƙalami. Buhunan wuri na Thomson ma da sunan gaisuwa suka shigo. Ba ya ba da takardar filinsa a je a duba, ba ya dangwala yatsa a kan abin da bai karanta ba. Nan amfanin yaƙi da jahilci ya fito, gama wanda ya iya karatu ba a karanta masa rabi a ɓoye rabi. In takardar da Turanci take, ya kai wa lauya ko wani amintacce nasa, ba wanda mai tayi ya zo da shi ba.

Sa'an nan ba ya ɓoye zancen. Daren nan zai tara 'yan'uwa da magada, maza da mata, ya gaya musu wane ya zo, ga abin da ya ce, ga amsar da aka ba shi. Mai tayin da aka mayar ta ƙofa yakan zagayo ta bayan gida, ya nemi ƙanen da bashi ya dama, ko gwauruwar da ba ta san rabonta ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka kuma akan shaida wa mai unguwa da dagaci, don in wani ya zo musu da takardar ciniki su san ta jabu ce. A da akan kafa iyakar gona da gamba ko aguwa ko lalle. Yau turakun siminti ne da katanga, da takardar mallaka daga Ma'aikatar Ƙasa da Safiyo. Filin da aka bari ba shinge ba shuka, shi ke jawo idon mai kwaɗayi.

In an ce masa gwamnati na tafe, sai ya taka ya je ma'aikatar ya tambaya. Doka ta ce ba a soke haƙƙin mutum a kan fili sai don amfanin jama'a, da sanarwa a rubuce wadda jami'in da Gwamna ya ba izni ya sa wa hannu, a kuma miƙa ta ga mai filin. Maganar dillali a zaure ba sanarwa ba ce. In kuwa wata rana bukata ta kama, har mai fili ya ga sayarwa ita ce mafita, to, shi zai zaɓi ranarsa, ya ji tayin mutum uku ko huɗu, ya kira shaidu, a nemi iznin Gwamna. Kotun Ƙoli ta tabbatar cikin 1989, a shari'ar bankin Savannah da Ajilo, cewa jinginar da fili a cikin gari ba tare da iznin nan ba ɓatacciya ce, ko da mutum ya mallaki wurin tun kafin 1978.

Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni sun riga sun zama gari, tayin da ake yi a can yanzu na tsofaffin gidaje ne da kangaye, a rushe a gina kantuna. Tayin gona kuwa ya matsa gaba, yana ƙwanƙwasa ƙofofin ƙauyukan Kumbotso da Dawakin Kudu da Gezawa. Manoman can suna da abin da Sarkin Musulmi Umaru bai samu ba cikin 1885, watau labarin waɗanda aka taya wa kafin su, da ikon karanta takarda da idonsu. Tayi ba ya ɗora wa mai abu nauyin kome. Ƙasa tana hannunsa har ran da ya ce ya sallama, gani ga wane kuwa ya isa wane tsoron Allah.